Yadda Na Koya wa Kawu Daina Tambaya

Har gobe idan wani uba ya tare ni a bakin masallaci yana tambaya wai ko yawan bita yana sa mutum ya ci jarrabawar nan ta kaifin hankali da ake yi wa masu neman karatun shari'a, sai in ji raina ya ɓaci tun kafin ya rufe baki. Ba laifinsa ba ne, bawan Allah, an ce masa ni na san kan abin. Nakan ce masa yana sawa mana, har fiye da yadda yake zato, sannan in yi sauri in nemi takalmina. Na san yana sawa domin a kan kawuna na gwada, mutumin da ya riƙe ni tun ina shekara bakwai.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Muhuti ne a kotun alƙali ta wani gari tsakanin Roni da Gwiwa, wato shi ne mai zama a gefen alƙali ya duba littafi, ya yi wa masu ƙara da shaidu tambayoyi, ya faɗi abin da ya gani kafin a yanke hukunci. Alƙalin ya tsufa, kunnensa ɗaya ya yi nauyi, saboda haka kowa a ƙasar ya san abin da Kawu ya raɗa masa shi ne hukunci. Kawu mutum ne mai shegen jinkiri. In ka ce masa ka ga saniya a gona, sai ya tambaye ka a ina kake tsaye, rana tana ina, me ya kai ka wurin, wa ya gan ka. Ƙarar da wani zai gama kafin azahar, Kawu sai ya kai ta zama uku. Manoma suna ƙorafi, Fulani suna ƙorafi, amma in da za a ba su zaɓi dukkansu gabansa suke son zuwa.

Da gwamnati ta karɓe kotuna daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya, aka gama yaƙin basasa, kuɗin mai ya fara shigowa, sai aka shiga gyare-gyare ba ji ba gani. Takarda ta zo daga Kano cewa duk ma'aikacin kotun da ba shi da satifiket sai ya je kwas na shari'a, kuma ba a shiga kwas ɗin sai an ci jarrabawa. Wanda ya faɗi a sallame shi. Kawu ya haura hamsin, karatunsa na zaure ne, bokonsa kuwa na ajin yaƙi da jahilci. Shekara ashirin da shida yana kotun nan, mutum goma sha huɗu suna ci daga hannunsa. In aka sallame shi, ba abinci kaɗai ba ne zai yi wuya, mutumin bai san inda zai nufa da safe ba in ba kotu ba.

Jarrabawar kashi uku ce, da Hausa ake yin ta. Fikihu da rabon gado ba su tayar masa da hankali ba. Wannan mutum ne da yake raba dukiyar mamaci tsakanin magada goma sha shida da ɗan yatsa a kan rairayi, lissafin bai taɓa karkacewa ba. Kashi na ukun ne matsalar. Tambaya ashirin a minti arba'in, wai na gwada kaifin hankali, kuma wanda bai sami rabi a nan ba ya faɗi duka ko da ya haddace littattafan duniya. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare a Kazaure, shekarata ashirin da biyar, ga sabon babur da na saya da ƙarin albashin da aka yi mana, kaina ya cika da iska. Wani abokina akawu a Kano ya samo mini tsofaffin takardun tambayoyin, waɗanda aka buga da injin nan mai tawada tana ɓata hannu. Na ɗaure su a bayan babur na nufi gidan Kawu, ina jin ni ne zan cece shi.

Muka zauna a zaure bayan la'asar. Na ajiye agogon tebur a tsakaninmu, na miƙa masa takarda da fensir. Tambayar farko ta ce mutum biyar suna zaune a kan benci ɗaya, an sa musu haruffa maimakon suna, wane ba ya kusa da wane, wane yana hannun daman surukinsa, to wane ne a tsakiya. Kawu ya karanta sau biyu, ya ajiye fensir, ya tambaye ni a wane gari aka yi wannan zama. Ya ce mutum mai kunya ba ya zama a benci ɗaya da uban matarsa, balle su haɗa kafaɗa. Ko dai a mota suke, ko rashin lafiya ce ta haɗa su, ko kuma wanda ya kawo labarin ƙarya yake yi, kuma sai ya san wanne ne a ciki kafin ya ce ga na tsakiya.

Na ce, "Kawu, ba mutane ba ne fa, haruffa ne."

Ya ce, "Harafi ba shi da suruki."

Ta biyun ta fi muni. Wai akwai gari biyu, mutanen ɗaya kullum gaskiya suke faɗa, na ɗayan kullum ƙarya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce tun da ya fara zama a kotu bai taɓa ganin mutumin da kullum ƙarya yake yi ba, domin maƙaryacin da ya san aikinsa sai ya jera maka gaskiya tara ya ɗora ƙarya ɗaya a kai, mai gaskiyar ma yakan mance ko ya ga abu baibai. Agogo ya buga yana kan tambaya ta biyar. Na duba, biyu ya ci cikin ashirin. Bayan takardar kuwa ya cika shi da rubutun ajami, tambayoyin da yake so a yi wa mutanen bencin.

A hanyar komawa Kazaure na yi ta dariya ni kaɗai a kan babur, kafin in isa gida dariyar ta koma tsoro. Wata huɗu ya rage. Washegari na koma da rula da doka biyu da na ƙirƙiro, na sa shi ya maimaita su kamar ɗan aji ɗaya. Ta farko, abin da takarda ta faɗa gaskiya ne, ko da ta ce jaki ya hau kuka. Ta biyu, abin da takarda ba ta faɗa ba babu shi a duniya. Sannan na nuna masa yadda ake zana akwati-akwati, sunaye a gefe, wurare a sama, duk abin da aka ce ba haka ba ne ka soke, wanda ya rage shi ne amsa. Tir da bakina. A lokacin gani nake na yi wata gagarumar dabara.

Kwana huɗu a mako nake zuwa, da an tashi daga makaranta. Damina ta sauka, hanya ta caɓe, wani lokaci in isa da laka har gwiwa, ban fasa ba. Muna zama daga la'asar har a kira magariba, takarda biyu kullum, da agogo. Da na ga ya ɗago kai zai yi tambaya sai in buga rula a kan tabarma. Ni, ina buga wa mutumin da ya koya mini alwala rula. Sai ya haɗiye maganar ya ce, to malam. Da fari zolayata yake yi da wannan malam ɗin, domin da yaro yake kirana. Ana nan ana nan zolayar ta fita daga cikin muryarsa, sunan ya zauna, ni kuma na ji daɗin hakan.

Ga yadda abin ya tafi, tun da shi mutane suke son ji. A watan farko ya tashi daga biyu zuwa shida, kuma ba wani abu ya ƙaru a kansa ba, daina rubutu a bayan takarda kawai ya yi sai lokaci ya ishe shi. A na biyu ya kai tara, goma, ya koma tara. Ya kai sha ɗaya ya tsaya cak, mako uku ba gaba ba baya, har na fara yi masa faɗa ina cewa ba ya mai da hankali. Ran nan ina jera takardun a ɗakina sai na lura tambayoyin nan duka iri biyar ne ko shida, riga kawai ake canza musu. Akwai na zaman benci, akwai na wa ya riga wa zuwa, akwai na maƙaryata, akwai na wa ke da wace dabba, akwai na ranakun mako. Sai na ware su iri-iri, na zauna na ƙirƙiri nawa, ɗari-ɗari, a littattafan rubutun makaranta. Ranar benci, benci kaɗai za a yi ta yi har sai hannunsa ya gaji. Daga nan abin ya ɓalle, sha huɗu, sha biyar, sha bakwai. Ya kai ga ba ya karanta labarin ma. Da ya ga kan tambayar ya san irinta, sai ya ja layukansa tun kafin ya kai ƙarshen jimla.

In faɗi gaskiya, na san a raina cewa bai ƙara basira ko ta kobo ba. Wata rana na kawo masa wata tambaya sabuwar iri da na gani a wani littafi, sai ya tsaya yana kallonta yana neman inda zai ja layi, ya kasa, alhali wata uku baya da ya warware ta da bakinsa yana taunar goro. Bita tana gyara abin da aka yi bitarsa ne kaɗai, sauran kuwa ko oho. Na ga wannan da idona, na ninke tambayar na sa a aljihu tun da ba za ta fito ba. A ɗakin malamai kuwa na cika kowa da labari, ni na ɗauki tsoho daga biyu na kai shi sha bakwai. Inna, matar Kawu, ta tare ni a tsakar gida ta ce me nake ba mijinta, ya zama wani iri. A da, in ta ce masa wance ta ce kaza sai ya tambaye ta wa ke wurin, yanzu kuwa duk abin da ta faɗa sai ya ce to. Na yi dariya na ce ai godiya ya kamata ta yi mini.

Da aka ba da dogon hutu na kwashe kayana na tare a gidan, muka koma zama biyu a rana. Saura mako biyu jarrabawa, gero ya nuna ana shirin yanka, na bi shi kotu wata safiya don kada mu ɓata lokaci in an tashi. Na zauna a bencin baya da takardu a cinya.

Ƙarar ɓarna ce aka kira. Shanu sun shiga gonar wani manomi da rana tsaka yana wajen jana'iza, sun cinye kusan rabin geron, ba wanda ya ce ya gani. Ruga uku ce a kusa da gonar, aka kira masu su duka ukun. Mai unguwa ya aiko da takarda, akawun kotu ya karanta. Ta ce mai ruga ta farko ya tafi kasuwar Babura ran nan tun asuba, akwai shaidu. Mai ruga ta biyu yana hayin rafi, rafin kuma ya cika ran nan ba ya ƙetaruwa. Na ukun wani dattijo ne dogo mai farin gemu, rugarsa tana gindin duwatsu, ita ta fi kusa da gonar, kuma an ga sawun shanu a burtalin da ya bi ta gefensa.

Ina kallon Kawu daga baya. Na ga ya jawo wata takarda, ya ja layi uku a tsaye, uku a kwance. Ya soke na farko, ya soke na biyu. Ya sunkuya ya yi wa alƙali raɗa, alƙali ya ce wa dattijon ko ya amsa ko ya rantse. Dattijon ya ce shanunsa ba su yi ba, ran nan kudu ya kai su kiwo, amma shi ba zai dafa Alƙur'ani ba. To, kowa a ƙasar nan ya san akwai gidajen Fulani da ba sa rantsuwa ko a kan gaskiya, suna tsoron abin ya taɓa zuri'a da dukiya, gara su yi asara. Kawu ya fi kowa sani, danginmu ne na wajen kaka, kuma sau nawa na ji shi yana cewa ƙin rantsuwar irin waɗannan ba shaida ba ce sai an bi sawu. Ran nan bai ce a bi komai ba. Aka yanke wa dattijon ya ba manomi karsana biyu, ya kuma janye rugarsa daga kusa da gonaki. Na duba agogon hannuna, ko kwata ba a yi ba. Alƙali da kansa ya juyo yana kallon Kawu da mamaki. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi ne ya kama ni, har ina gyara zama don a san ni ne malaminsa.

A bakin ƙofa dattijon ya tsaya yana jiran Kawu, sandarsa a kafaɗa. Sun san juna fiye da shekara ashirin. Ba fushi a fuskarsa, kamar mai son a warware masa wani abu.

Ya ce, "Malam, yau ba ka tambaye ni komai ba."

Kawu ya ce, "Abin a bayyane yake, dattijo."

Dattijon ya gyaɗa kai ya tafi. Mu kuma muka koma zaure muka yi na ranakun mako, ya ci sha takwas.

Ranar jarrabawa muka shiga mota tun da sassafe zuwa Kano. A wani babban ɗaki aka yi, mutum ya fi ɗari, yawanci dattawa masu rawani, kowa da fensir a hannu kamar an kama shi da laifi. Na zauna a gindin darbejiya ina jira tare da 'yan rakiya. A kashi na ukun Kawu ne ya fara fitowa, saura minti bakwai. Ya ce duk na gida ne, benci huɗu, maƙaryata uku, ko ɗaya bai tsaya a kai ba. Wani tsoho da ya fito bayansa yana share zufa yana cewa shi har aka karɓe takarda bai gane dalilin da ya sa mutum zai zauna kusa da wanda ba ya so ba. Na yi masa kallon tausayi, irin na wanda ya fi.

Kwana biyu da dawowarmu muna karyawa da safe, Inna ta kawo koko ta tsaya a bakin ƙofa ba ta tafi ba. Ta ce mai kawo mata nono ta ba ta wani labari. Ashe duk matan rugagen nan sun san shanun da suka ci geron, na mai ruga ta farko ne. Ƙannensa biyu ne suke kiwo ran nan, suka tsaya hira a bakin rijiya, shanu suka zarce. Wata mai itace ta gani, masu tallar nono biyu sun gani, kowa yana jiran a aiko a tambaya kamar yadda aka saba, ba a aiko ba, su kuma ba za su kai kansu kotu su kama sunan maƙwabci ba.

Kawu ya ce ai takardar mai unguwa ta ce mutumin yana kasuwar Babura.

Inna ta ce, "Shi ya je kasuwa. Shanun ma kasuwar suka je?"

Ludayin yana hannunsa, bai kai baki ba, bai mayar ba. Mai unguwa bai rubuta ƙarya ko ɗaya ba, mutumin ya je kasuwa da gaske. Takardar dai ba ta ambaci ƙanne ba, ba ta ce ga inda garken ya yini ba, abin da ba ta faɗa ba kuwa ni na koya wa Kawu cewa babu shi. Tambayar da ko Inna da ba ta taɓa shiga kotu ba ta yi, ita ce ta gagari muhutin da ya fi kowa iya tambaya a ƙasar. Ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta safiyar nan ba.

Kawu ya tashi. Ya sa rigarsa ya tafi wurin alƙali, ya faɗa masa shi ne ya yi kuskure, ya nemi a sake zama. Daga nan ya hau bayan babur ɗina muka nufi gindin duwatsu. Ba kowa. Ga kashin shanu ya bushe, ga duwatsun murhu, ga turakun da ake ɗaure maruƙa ba a ko cire ba. Wata tsohuwa daga ruga ta biyu ta ce sun kwana goma da tashi. An ce wa dattijon ya matsa daga gonaki, shi kuwa ya ce ba zai zauna a ƙasar da ake nuna 'ya'yansa ana cewa ga masu ɓarna ba, sun yi arewa ta Babura da shanu da mata da kowa. Karsana biyun kuma manomin ya riga ya sayar a kasuwar Gwiwa.

Ranar kasuwar Babura muka je. Kawu ya yini a kara, inda ake cinikin shanu, yana bin dillalai ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya irin tasa ta da, yaushe ka gan shi, ta wace hanya, shanu nawa, wa ke tare da shi. Rana ta dake mu, ƙafarsa ta kumbura, bai zauna ba sai don salla. Abin da muka samu kawai shi ne wani mai canji ya ce ya tuna wani dattijo dogo da ya sayar da tunkiya ya karɓi sefa. Sun tsallake iyaka ke nan. Bayan an sake zaman ƙarar, mai ruga ta farko ya amsa ba gardama, aka karɓi karsana biyu daga hannunsa aka ba wa sarkin Fulani ajiya, ko mai su zai dawo. Har suka haihu, 'ya'yansu suka haihu, bai dawo ba.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki takardar sakamako ta iso. Kawu ya miƙo mini a zaure ya ce in karanta. Ya ci, kuma sunansa yana cikin na sama-sama. Daga yankinmu gaba ɗaya mutum uku ne suka tsallake, sauran biyun ma matasa ne masu boko. Ya ce in sake karantawa, na sake. Ya ce alhamdu lillahi, kujera ta tsaya, in shiga in gaya wa Inna ta ɗora tukunya domin mutane za su zo.

Suka kuwa zo. Zaure ya cika, har waje aka shimfiɗa tabarmi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabin barkar ni ake yi wa. Wannan ya riƙe hannuna ya ce Allah ya yi mini albarka, wancan ya ce da kowane gida yana da ɗa irina da an huta. Mai unguwar nan ma ya zo, ya ce yanzu kotu za ta yi sauri, an daina wahalar da mutane da zama uku. Ina murmushi ina cewa amin.

Da aka watse bayan la'asar, mutum huɗu suka ƙi tashi. Muhutai biyu ne da akawun kotu biyu, daga wajen Babura da Yankwashi da Gwiwa, duk sun faɗi a kashi na ukun. An ce za a ba su dama ɗaya tak a zagaye mai zuwa, in suka sake faɗuwa shi ke nan. Babbansu shi ne tsohon nan da na gani yana share zufa a Kano. Ya girmi Kawu, amma ya sauko daga kan buzu ya durƙusa a gabana, ya ce sun ji labarin abin da na yi, don Allah in taimake su kamar yadda na taimaki kawuna.

Na juya na kalli Kawu. Wallahi so nake ya hana. So nake ya ba su labarin dattijon, ya ce in tattara takarduna in fita masa daga gida, ko ya zage ni a gabansu, da na ji sanyi. Ya dube ni.

Ya ce, "Suna da iyali, malam. Ka koya musu."

Na koya musu. Su huɗun duka suka ci, kuma kafin shekara uku kowannensu an ba shi kotu.